Baburan da Kawu Ya Ɗaure

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba, ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa da ke Fagge, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Bakaniken babura ne. A kan aikin ya yi furfura, a kansa kuma ciwo ya same shi.

Mu mata muna cikin gida, ba mu ga taron ba, sai dai mu ji. Abin da muka ji kuwa shi ya sa muka riƙa kallon juna. Masu babura sun cika layinmu tun daga bakin titi har ƙofar gida, amma ba wanda ya shigo da injinsa a kunne. Kowa ya iso bakin layi sai ya kashe, ya sauka, ya turo da hannu. Ba wanda ya ba su wannan umarni. Ba ka jin komai sai ƙarar sarƙoƙi, ƙas-ƙas-ƙas, da jan takalma a ƙasa. A Fagge na girma, a Fagge na yi aure, ban taɓa sanin unguwar nan tana iya yin shiru da rana tsaka ba.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ba sa so ya ji su ne." Sai ta kama bakinta ta shiga istigfari.

Inna, matar Kawu, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ko sun kashe zai gane su. Da ƙarar sarƙa ma yana gane mutum."

Masu gaisuwa kowa da abin da ya riƙe. Wata ta ce mafaɗaci ne, ya taɓa korar mijinta daga rumfarsa ta gyara saboda ya zo da sarƙa a bushe ƙayau, amma kafin magariba ya aika masa da kwalbar baƙin mai har gida. Wata ta ce ita dai tsoronsa take ji, don idan kana yi masa magana kunne yake juyo maka, ba ido ba. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce sun tarar da babban yatsansa a kan gaɓar manuni, kamar yana cikin ƙirga wani abu aka katse shi. Suka miƙar, ya koma. Suka bar shi haka.

Ranar sadakar uku wani tsohon direban bas ya zo. Duk gidan mun san shi, kowace Juma'a yana wajen Kawu, kuma zan faɗi dalili. Ƙafafunsa sun yi rauni, don haka babban ɗana ya riƙo hannunsa ya shigo da shi har tsakar gida ya yi wa Inna gaisuwa. Ɗan nawa saurayi ne, har an sa ranar aurensa. Da babur yake sana'a, yana ɗaukar atamfofi daga kasuwar Kwari yana kai wa masu shaguna a Sabon Gari da garuruwan da ke kan hanyar Zariya.

Tsohon ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ya haƙuri?"

Inna ta ce, "Haƙuri da godiya."

Sai kuka ya ƙwace masa. Ya ce, "Hajiya, Allah kaɗai Ya san 'ya'yan mutane nawa bawan Allahn nan ya tsare wa iyayensu. Rabin baburan Fagge a ɗaure suke, masu su ba su sani ba. Har wannan," ya ɗaga hannun ɗana da ke riƙe da shi, "har wannan ai ɗaure masa ya yi tun ranar farko."

Inna ta daina jan carbi. Ɗana ya dubi tsohon, ya dube ni, ya ce, "Ɗaurewa kamar yaya, Baba?"

Tsohon ya ce, "Au. Ba ka sani ba?"

Gabana ya faɗi, kuma har yau da nake wannan rubutu bai koma daidai ba. Da yabo tsohon ya zo, amma da bakinsa ya kwance abin da yake tsare mini ɗa a kan hanya. Dole in yi bayani, don wanda bai san Kawu ba zai zaci asiri ake nufi. Ba asiri ba ne, ƙarfe ne.

Kawu ba ya gajiya da bayanin aikinsa, kuma ba ya zaɓen wanda zai yi wa. Idan bai samu namiji ba, mu matan gida muke shan karatun. Da keken ɗinkin Inna yake koya mana. Ya ce mu duba, ƙafa tana taka sau ɗaya, allura ta soki yadi sau da yawa, saboda da'irar ƙasa babba ce, ta sama ƙarama, igiya ta haɗa su. To babur ma haka yake, sai dai a juye. Inji yana juya wani ƙaramin faranti mai haƙora da ke ɓoye a bayan murfi, kusa da ƙafar hagu ta mai tuƙi. Sarƙa ta ɗauki juyin ta kai wa babban faranti da ke manne da tayar baya. Su kanikawa sifoket suke ce musu. Idan na gaba ya ƙanƙance, ko na baya ya ƙara girma, sai inji ya juya da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Babur ya samu ƙarfin ɗaukar kaya da hawan tudu, amma ya yi ta ihu, muryarsa ta ƙare tun gudu bai kai ko'ina ba. Idan kuma aka ƙara wa na gaba haƙori, ko aka rage na baya, sai kowane juyin inji ya tura taya nesa. Wajen tashi ya yi nauyin jiki, kaya ya dame shi, in ma an zarce ya kasa jan kansa gaba ɗaya. Amma idan aka dace, kuma ya samu miƙaƙƙiyar kwalta, sai ya riƙa cin ƙasa murya ƙasa-ƙasa, kamar ba shi ba.

"Haƙori ɗaya a gaba," in ji Kawu, "ya kai uku a baya. Kuma na gaban ba mai ganinsa."

Inna takan ce, "To Malam, mun ji. Sai mu buɗe gareji ni da Uwarka?" Ni ce Uwar tasa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Akwai maganar da ya fi maimaitawa. Yakan ce, "Inji bai san gudu ba, juyinsa kawai ya sani. Mai babur kuma da kunne yake tuƙi." Gaskiyarsa. Ka duba baburan garin nan, agogon da ke nuna gudu, wanda suke kira mita, kusan duk a mace yake. Wayarsa ta tsinke tun babur yana sabo, ba wanda ya damu ya gyara. Mutum ya saba da cewa idan injinsa ya kai wata murya, to gudun ya isa, sai ya sassauta totur. Kunnensa ne mitarsa.

Kawu yana da ɗa namiji guda ɗaya, Yaya muke ce masa. Tare muka tashi. Mutum ne mai sanyi, ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Da ya gama makaranta aka ba shi koyarwa a wani gari da ke kan hanyar Wudil, kullum ya tafi da safe a babur ya dawo da la'asar. Yakan dawo yana cewa injin yana wahala a doguwar hanya, yana ihu kamar zai tsage. Kawu ya so ya faranta masa. Wata safiya kafin Yaya ya gama karyawa, ya buɗe murfi ya sa faranti mai ƙarin haƙori a gaba, ya sa ƙarami a baya, ya mayar da komai ya goge. Bai faɗa masa ba. So yake yaron ya gano da kansa a hanya, ya dawo yana murna.

Yaya bai kai makaranta ba. A wata mararraba bas tana juyawa, shi kuma yana tahowa da muryar injin da ya saba da ita, wadda a saninsa tafiyar hankali ce. Ya zaci yana da sauran fili. Da ya taka birki babu fili.

Direban bas ɗin shi ne tsohon da ya zo ranar sadakar uku. Da aka dawo daga maƙabarta, Kawu bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya wuce wajen 'yan sanda inda aka tsare mutumin, ya ce shi ne uban mamacin, kuma ba shi da ƙara. Ya taho da shi gida, ya sa Inna ta zuba masa abinci, alhali ita kanta ba ta iya haɗiyar ruwa. Ina laɓe a bakin zaure na ji mutumin yana rantsuwa.

"Wallahi Malam ban ji shi ba. Na hango shi can nesa, na ƙifta ido, sai ga shi a jikin mota."

Kawu ya ce, "Na sani. Ci abincinka. Ba kai ba ne."

Tun daga ranar mutumin ya zama ɗan gida. Duk Juma'a bayan masallaci ya zo rumfar Kawu ya zauna a kan benci, ba su cika magana ba. Da idonsa ya rasa ƙarfi ya bar tuƙi, Kawu ne ya nema masa gadin wani shago a Sabon Gari. Ban taɓa ganin alheri mai nauyin wannan ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi alheri fuskarsa ba walwala kamar Kawu ba.

Bayan rasuwar Yaya wata ɗabi'a ta same shi. Yana cikin aiki da rana tsaka, ko yana cikin magana, sai ya tsaya cak da sifana a hannu, ya karkata kai wajen titi. Titin nan da ke gangarawa shataletalen Bata ba ya rabuwa da hayaniya, ga 'yan Adaidaita Sahu, ga masu kura, ga masu talla. Amma shi wani abu daban yake saurare. Sai ya bi shi da kunne daga hagu zuwa dama, a hankali, sannan ya ce, "Ya wuce." Ya ci gaba da ɗaure noti.

Na taɓa samunsa a haka, na dawo daga kasuwa na biya in gaishe shi. Na ce, "Kawu, wa ya wuce?"

Ya ce, "Ba ki ji ba?"

Na ce babura dai ga su nan birjik.

Ya ce, "Ba masu kuka ba, Uwata. Masu kuka ba su da matsala. Wancan da ba ya kuka."

Ban sake tambayarsa ba.

A lokacin ne ya fara abin da yake kira ɗaurewa. Idan saurayi ya kawo babur canjin sarƙa, Kawu ba babur ɗin yake fara dubawa ba. Yakan saurari yadda yaron ya shigo layi, yadda ya murɗa totur, yadda ya taka birki. Idan ya ji jininsa da zafi, sai ya aike shi sayen ruwa ko goro, ya sa masa farantin gaba mai ƙarancin haƙori, wani ma ya ƙara masa na baya, ya rufe murfi. Magidanta masu natsuwa ba ya taɓa nasu. Har aka san baburan rumfar Kawu a unguwa da ihu. Ka ji abu ya taso kamar zai tashi sama, ka yi gefe da sauri, sai ka ga yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da mai Adaidaita Sahu.

Su dawo da ƙorafi. "Baba, injin nan kuka yake kamar ana yanka shi."

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Murya ce Allah Ya ba shi."

Su tafi suna gunaguni, kuma su dawo, don babur ɗin da ya bi ta hannunsa ba ya mutuwa a hanya, ga shi da jan kaya kamar jaki.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a kan wannan, ƙanin Inna, wanda muke kira Baba Ƙarami. Kakanninsu daga ƙasar Yarbawa suka zo fatauci suka zauna a Fagge, shi kuma yana da shagon kayan babura a Kasuwar Sabon Gari. A wajensa Kawu yake sayen kaya, don haka shi ya fara lura cewa ƙananan faranti kawai ake aikowa a karɓa. Wata ranar Sallah ya zo gaishe da yayarsa, muna zaune a tsakar gida ana cin tuwo, ya ajiye cokali.

Ya ce, "Malam, abin da kake yi wa yaran nan ba daidai ba ne."

Kawu ya ce, "Wane ne ya mutu a cikinsu?"

"Ba wanda ya mutu. Amma mutum ya kawo maka abinsa, ka sa masa abin da bai ce ba. Ga shan mai, ga gajiyar inji. Wannan duk mai sauƙi ne. Kunnensu kake koya wa ƙarya. Yaro ya shekara da shekaru yana jin ihu yana tafiyar hankali. Ranar da wani bakanike ya sa masa na daidai, zai nemi ihun nan da ya saba, kuma kafin ya same shi ya kai gudun da bai taɓa yi ba."

"In na faɗa musu, gobe su je gaba a canja."

"To ka faɗa, su canja da saninsu."

Kawu ya ce, "Ai ina nan. Wajena suke zuwa."

Baba Ƙarami ya ce, "Har yaushe kake nan?" Sai ya ƙarasa, kuma da ma bai ƙarasa ba. Ya ce, "Wancan ka ƙara masa ba ka faɗa ba. Waɗannan ka rage musu ba ka faɗa ba. Ni ban ga bambanci ba."

Inna ta saki salati. Kawu ya miƙe, ya wanke hannu, ya fita ko hula bai ɗauka ba. Sun daɗe ba sa ga maciji, ko a masallaci kowa sahunsa daban. Amma abin da ya ba ni mamaki, duk lokacin da Kawu ya aika a karɓo ƙananan faranti, Baba Ƙarami yana bayarwa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "'Yar nan, ni ma ina da 'ya'ya masu hawa babur." A lokacin haushinsa na ji ƙwarai, na ga ya taɓa wa tsoho gyambonsa a ranar Sallah. Yanzu ba na jin haushinsa.

Da ɗana ya sayi babur, daga shago rumfar Kawu ya wuce da shi. Su biyun abokan wasa ne, irin na jika da kaka. Shi ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe, Kawu ya ce masa abokina raggo. Yaron yana da zafin jini tun yana ƙarami, ba ya iya tafiya sai da gudu, ba ya iya jira a wuce shi. Da ya dawo gida a ranar na ji injin yana tsala ihu tun daga nesa, na gane abin da aka yi. Na ji daɗi har cikin raina. Ya riƙa zuwa yana cewa, "Tsoho, sa'o'ina suna wuce ni a hanyar Zariya kamar ina tsaye." Kawu ya ce, "Kai ne ka yi nauyi, rage cin tuwo." Su yi dariya.

Ciwon Kawu bai ja lokaci ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ya kwanta a ɗakin da ke kusa da zaure. Ido ya dushe amma kunne yana nan garau. Yana kwance yana lissafa masu wucewa, wannan ɗan gidan liman ne, sarƙarsa ta saki, wancan mai kai burodi ne, a ce masa ya zo. Inna ta ba ni labarin safiyar ƙarshe bayan kowa ya watse. Ta ce ta kawo masa koko, ta tarar ya karkata kai yadda ya saba, yana bin abin nan da kunne. Tana jira ya ce ya wuce. Sai ya ce, "Yau bai wuce ba. Ya tsaya a ƙofa. Je ki buɗe masa." Ta ce ta san ba kowa, amma ta je, don ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta leƙa, layi fayau, sai wata akuya. Kafin ta dawo ɗaki ya cika.

Yanzu rumfar a rufe take. Sarƙa kuwa ba ta san an yi mutuwa ba, tana ci gaba da cinyewa, kuma duk wanda tasa ta ƙare sai ya kai wa wani bakanike, a sa masa sababbin faranti na daidai. Ina zaune a gida ina jin muryar unguwarmu tana sauka. Wanda jiya ya wuce da ihu, yau ya wuce da gurnani. Ba wanda ya lura sai ni da Inna. Idan ɗaya ya wuce sai mu haɗa ido. Kafin a yi arba'in ɗan gidan liman ya faɗi a shataletale ya karya ƙafa. Da aka je dubiya rantsuwa yake ta yi, shi tafiyarsa ta kullum yake yi, bai san yadda aka yi kwanar ta taso masa ba. Baba Ƙarami ya koma mai wa'azi a shagonsa, duk saurayin Fagge da ya zo sayen sarƙa sai ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Wasu su saurara, wasu su ce Baba a ba mu kaya muna sauri.

Ɗana kuwa tun ranar sadakar uku bai sake ambaton Kawu ba. Shi da ya fi kowa kuka a ranar jana'iza. Na same shi yana wanke babur na ce ina son magana.

Ya ce, "Umma, kin sani ko?"

Na ce na sani.

"Inna ma ta sani. Baba Ƙarami ya sani. Har direban bas ya sani. Ni kaɗai ne sakarai. Ina zuwa ina kai masa kuka, yana ce mini in rage tuwo."

Na ce, "Don yana sonka ne."

Ya ce, "Na san yana sona. Shi ya sa abin yake ci mini rai."

Na yi masa bayanin kunne, na ba shi labarin Yaya tun daga farko, wanda a da guntu-guntu ya sani. Na ce in ma zai canja, ya gyara mitarsa tukuna, ya riƙa kallo. Ya ce wayar mita ba ta wata guda a hanyoyin nan. Ya ce shi ba yaro ba ne, aure zai yi, kuma wanda aka faɗa wa ai ya riga ya sani. Na ce kai ka sani, kunnenka bai sani ba. Ya yi murmushi irin na wanda yake lallashin tsohuwa, ya ci gaba da wankinsa.

Wata ranar Alhamis da la'asar ina gidan Inna, har yanzu ana ɗan zuwa gaisuwa jefi-jefi. Muna tsince shinkafa sai muka ji babur ya shigo layi, murya ƙasa-ƙasa, sumul, ba irin na unguwarmu ba. Ya taho a hankali. Ya tsaya a ƙofa. Na ga hannun Inna ya tsaya a cikin tire. Na daure na jawo mayafi na rufe kaina, na ce baƙo ne ya zo gaisuwa daga nesa. Aka yi sallama, aka ɗaga labulen zaure. Ɗana ne.

Fuskarsa fes, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. Ya ce ya canja faranti, kuma ba na daidai kawai ya sa ba, ya sa an ƙara haƙori a gaba an rage na baya, don ya rama shekarun da aka ci masa. Ya ce, "Umma, in kin ji shi a kan kwalta, kamar ba inji a jiki."

Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Ni rabona da hawa babur tun ranar da aka shigo da Yaya a cikin tabarma. Amma na ce, "Gobe Zariya za ka kai kaya ko? To da ni za ka. Ina da gaisuwar da zan yi a hanya." Ba ni da wata gaisuwa. Na dai yi tunanin idan uwarsa tana bayansa zai ji nauyi, kuma in kunnensa ya ruɗe shi, ni idona biyu.

Da hantsi muka fita. A cikin gari ban ga komai ba, cunkoso ya riƙe kowa, har ma babur ɗin yana nauyin tashi a duk tsayawa, na fara cewa ko na tsorata kaina ne a banza. Muka bar gari, motoci suka ragu, kwalta ta miƙe. Injin yana ƙarƙashinmu yana gurnani a hankali, ba ihu, ba rawar jiki, irin muryar da za ta sa jariri barci. Amma na ga itatuwan bakin hanya sun daina tsayawa a idona. Mayafina ya cika da iska yana ja na baya. Muka wuce wata motar haya, ban ko iya ganin fuskokin mutanen ciki ba. Can gaba na hango wata babbar mota ta kunno kai daga wata 'yar hanya, tana jira ko tana shirin shigowa, ban sani ba.

Na daki kafaɗarsa na ce, "Rage! Don Allah rage!"

Ya ɗan juyo da kai, yana dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Haba Umma, ai a hankali nake tafiya. Ba kya ji ba?"

Na damƙe rigarsa da hannu biyu. Na ce Allah Ka jiƙan Kawu, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da niyyarsa, Ka yafe masa abin da bai faɗa ba. Iska ta kwashe addu'ar, yaron bai ji ba. Na ji ƙafarsa ta motsa, ya sa giyar ƙarshe.